Rasuwar Gwaggo Mai Ƙeya, Uwar Jan Bangonmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni da sauran ma'aikatan wannan mujalla ta finafinai muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu karatu rasuwar abokiyar aikinmu kuma babbarmu a ofis, monitar kwamfutar nan da aka fi sani da Gwaggo Mai Ƙeya. Ta rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi a kan teburinta na kusa da taga, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye mana. Shekara goma sha huɗu ta yi tana aiki da ni. Shekarunta na haihuwa kuwa babu wanda ya sani, domin da girmanta ta zo mana, bayan ta zauna a wasu ofisoshi biyu ko uku waɗanda ba ta taɓa ba mu labarinsu ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai tsara bangon mujallar, wanda ake kira Mai Ido. Zan dawo kan wannan suna nan gaba, domin akwai magana a kansa.

Marigayiya irin monitocin da ce, masu nauyi da ƙatuwar ƙeya, wadda sai an janye tebur daga jikin bango kafin ta samu wurin zama. Mutum biyu ke ɗaukarta, na uku yana riƙe da ƙofa yana ba da shawara. Ba ta da yawan magana. Da safe in na danna mata maɓalli sai ta ce “ɗummm”, ta yi shiru tana nazari, can kuma ta ce “tik”, sannan hoto ya fara fitowa a hankali, babu gaggawa. Ran da “tik” ɗin ya makara, sai in kai mata mari a gefen dama, ɗaya, wani lokacin biyu. Ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaidi halinta na rufin asiri. Babu jarumi ko jarumar da ba ta ga fuskarsa ba kafin a gyara. Ta ga ƙuraje, ta ga furfurar da aka rantse wa 'yan jarida cewa babu ita, ta ga tumbin da muka rage da sanƙon da muka cike. Ta san jarumar da idonta ɗaya ya fi ɗaya girma, ta kuma san wanda muka ara masa kafaɗar wani. Har ta koma ba ta faɗa wa kowa ba. Mai kyauta ce kuma: samanta kullum da ɗumi, a nan nake ajiye kofin shayina, a nan editarmu take shanya hankicinta in ruwan sama ya kama ta a hanya.

Aikinmu ni da ita aiki ne na ƙiftawar ido. Wanda ya fara karantar da mu shi ne mai jarida na bakin tasha, mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. Ya ce mai wucewa a mota ba karatu yake ba, kallo yake, kallon ma bai wuce ƙiftawa biyu ba. Mujallu goma sha biyu yake jerawa a katako ɗaya, kowace ta rufe ƙasan ta bayanta, saboda haka duk abin da bai hau saman bango ba kamar ba a buga shi ba ne. Daga nan ni da Gwaggo muka ɗora. Idon jaruma dole ya kalli mai saye kai tsaye, domin in ta kalli gefe shi ma gefen zai kalla, kuma a gefen akwai mujallar wasu. In muka sa jarumai biyu sun juya wa juna baya, ko jiya tare suka ci abincin rana, gari zai kwana da labarin sun ɓata. Mai fitowa a mugu kuwa wurinsa can kusurwar ƙasa ne, rabin fuskarsa a inuwa, alhali duk cikin 'yan fim babu mai zuwa gaishe mu da ladabi irinsa. Babban rubutu kada ya wuce kalma huɗu. Alamar tambaya kuma mun liƙa ta a kan maganganu da yawa waɗanda mu kanmu mun san amsarsu a'a ce. Allah Ya yafe mana, ni da ita.

Amma duk wannan kowane mai tsara bango ya san shi. Abin da ya raba mu da sauran goma sha ɗayan shi ne jan nan. Masu karatu sun san shi: jan sunan mujallar da ke hango mutum tun daga tsallaken titi, da fuskokin jarumai masu ƙyalli kamar na wanda ke zaune gaban murhu. Masu gasa da mu sun yi ta kwaikwayonsa, nasu ya fito ko dai ya yi sanyi ko ya ƙone. A cikin sana'a har suna gare shi, ana ce masa jan Mai Ido. Yau da mai shi ta kwanta dama, ya zama dole in faɗi yadda aka yi.

Bangon farko da na tsara a gabanta hoton wata jaruma ne mai wushirya. Da na buɗe shi sai na ga fuskar ta yi fari-fari da ɗan kore, kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Na zagi mai hoton a zuciyata, na ƙara ja. Ban ga canji sosai ba, na sake ƙarawa, na zuba ruwan ɗorawa, na yi ta ƙarawa har baiwar Allah ta yi kama da mai rai. Na tura wa mai ɗab'i. Ran da aka kawo ɗaurin mujallun na kwance igiya, sai na ga wuta. Jan ya wuce duk inda na tsaya, ya wuce inda mai hankali zai tsaya. Na ɗauki kwafi ɗaya na nufi wurin mai ɗab'i, ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya masa a kan tsohon injinsa da ya ɓata mini aiki.

Hanyar ta bakin tasha ta bi. Mai jarida ya hango ni ya yafito ni.

“Malam, ina sauran?”

Na ce, “Sauran me?”

“Mujallar mana. Tun kafin rana ta take suka ƙare. Wata mata daga cikin mota ta sa aka tsaya. Wai shin wa ya yi muku wannan jan?”

Na duba hagu, na duba dama, babu wanda ya san ni. Na ce, “Ni ne.”

Ya ce, “To kai mai ido ne.”

A nan na samu suna, a nan kuma na juya na koma ofis. Wurin mai ɗab'i ban ƙarasa ba.

Tun daga ranar na zauna da wani sirri a cikina. Kowane wata abin da nake gani a fuskar Gwaggo daban, abin da ke fitowa a takarda daban, kuma na yanke wa kaina hukunci cewa injin mai ɗab'i ne yake da wata cuta mai albarka. Sai na shiga kula da lafiyar injin nan fiye da tawa. Duk lokacin da muka yi waya da mai ɗab'i sai in ce, “Ya jikin injin?” Ran da aka ce ya tsaya ko abinci ban iya ci ba. Shekarar da edita ta kawo shawarar mu koma wani kamfani mai sababbin injuna, na miƙe tsaye a taro na yi jawabi a kan amana da zumunci da hakkin tsohuwar mu'amala, har aka tafa mini. Da labarin ya kai wa mai ɗab'i, an ce sai da ya share hawaye. Daga taron na dawo teburina, Gwaggo ta ƙi cewa “tik”, na ba ta mari biyu masu kyau.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da labarin idona ba, uwar 'ya'yana. Takan ɗaga mujallar ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Kai da duk kayanka ruwan toka ne, kai da in an kawo hula biyu sai ka kira ni in zaɓa maka, ina ka samo wannan jan?” In ce mata aiki daban, gida daban. Sai ta ce “to”, irin “to” ɗin nan da mai aure ya sani.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara bayyana bara. Da farko wani siririn layi ne ke ratsa fuskarta daga sama zuwa ƙasa, sannan hoto ya fara rawa in an kunna fanka. Ta koyi wata sabuwar magana, “tsiiii”, wadda take yi a hankali tun safe har a tashi aiki. Marin safe ya tashi daga ɗaya ya koma huɗu. Edita ta ce a kai ta a duba, na ce ai tsufa ne kawai, ni na san kayata. Ranar Talatar, ina cikin daidaita wa wani jarumi gashin baki, sai na ji ƙauri. Hoton ya tattaru ya zama layi ɗaya a kwance, layin ya tsuke ya zama ɗigo fari a tsakiya. Ɗigon ya daɗe yana kallona. Sai ta ce “tik”, ya ɓace. Na mare ta, na sake, na roƙe ta, ba ta amsa ba.

Mai gyara ya zo ya kwance ƙeyar, ya hure ƙura, ya haska da tocila, ya taɓa nan ya taɓa can. Ya ɗago ya ce, “Malam, sai haƙuri.” Yana mayar da kusoshi sai ya ƙara da cewa, “Amma wai da wannan kake aikin launi? Irin waɗannan launi uku suke harbawa, ja da kore da shuɗi. Janta ai rabinsa ya daɗe da mutuwa. Wannan tsohon ciwo ne, ina jin da shi ta zo hannunka.” Na ce masa to, Allah Ya saka. Raina a jagule yake, ban tsaya auna maganar ba.

Bayan kwana biyu aka kawo sabuwa, shafaffiya mara ƙeya, wadda mutum ɗaya ya shigo da ita a hammata. 'Yan ofis suka sa mata Siririya. Ba ta “ɗummm”, ba ta “tik”, kana taɓa ta ta buɗe ido. Don gwaji na buɗe bangon watan jiya. Sai ga wutar nan a gabana, daidai da ta takarda, babu ragi babu ƙari. Na ɗauko mujallar na kara a gefe. Na buɗe na bara, na buɗe na jaruma mai wushirya. Sannan maganar mai gyara ta iso ni. Gwaggo ce ba ta ganin ja sosai, ni kuma ina ta zubawa don in gamsar da ita. Injin mai ɗab'i lafiyarsa ƙalau. Shekara goma sha huɗu ina aika gaisuwa gidan da ba a yi mini komai ba, mai yi mini aikin kuwa tana gabana tana shan mari.

Ranar na ƙarasa tafiyar da na fasa tun farko, na je wurin mai ɗab'i na gaya masa komai. Ya yi dariya har sai da ya dafa injin.

“Wato duk ‘ya jikin injin’ ɗin nan ba don Allah ba ne?”

Na ce, “Rabi don Allah ne.”

Ya ce, “Injina abin da aka ba shi yake fitarwa. Ni fa kowane wata in na ga aikinka sai in ce wannan bawan Allah ba ya tsoron kowa. Na sha ba abokan sana'a labarinka.” Sannan ya ce, “To yanzu na wannan watan fa? Alhamis mai zuwa nake jira.”

Abin da ya hana ni sakat ke nan. Na zauna gaban Siririya na tsara bango da gaskiya, kowace fuska da launin da Allah Ya ba ta. Edita ta tsaya a bayana ta duba, ta ce, “Wannan ai hoton katin shaida ne. Ina janmu?” Na ce yana nan tafe. Na kwafo lambobin launin tsohon bango na ɗora wa sabon hoto, jarumin ya fito kamar gindin tukunya, domin kowane hoto da abin da yake buƙata. Na koma yi da hannu. In na tura jan ya fara zafi, sai in ga hannuna ya dawo da shi baya da kansa. In ce ai ya yi yawa, za a yi mana dariya, jarumar za ta yi waya. Da a ce tun farko ina ganin inda nake kaiwa, da ko sau ɗaya ban kai ba. Gwaggo ta rufe mini ido na yi abin da ba ni da zuciyar yi. Na ji tsoro na gaske, tsoron cewa shekara goma sha huɗu ina cin sunan wata, kuma da zarar an buga kowa zai gani a katakon mai jarida.

Laraba da yamma na koma gida na gaya wa uwar 'ya'yana. Na ɗauka za ta ce ai dama ta faɗa. Tana ninke kayan wanki, ba ta ko ɗago ba.

“Wa yake tura jan, kai ko ita?”

Na ce, “Ni, amma ba na gani.”

“To hannun dai naka ne. Gobe ka ƙara har ka ji tsoro.”

Na ce, “Na yi, na ji.”

Ta ce, “To daga nan Gwaggo take farawa.”

Alhamis da safe na zauna, na tura jan har inda na ji tsoro. Na ajiye hannu ɗaya a kan gwiwa don kada ya sa baki, na ƙara da ɗayan, na sake ƙarawa, idona a buɗe. Da na ga fuskar ta kama, na ce “tik” da bakina, na tura wa mai ɗab'i kafin hankalina ya dawo. Edita ta gifta ta leƙa, ta ce “yawwa”, ta wuce. Ba ta san komai ba sai da na kai mata wannan sanarwa. Ta karanta a tsaye, ta ce a ba ta shafi guda, ta kuma ce daga yau in daina jawabi a taro.

Bangon da ke hannunku shi ne na farko da na yi ina gani. A lokacin da nake wannan rubutu bai hau katako ba tukuna, ban san abin da mai jarida zai ce ba. Ku da kuke karantawa kun riga ni sani. In daga tsallaken titi ya kira ku, to tarbiyyar marigayiya ta kama. In kuwa a shagon aski kuka tsince shi, babu komai, ku yi shiru kawai.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, injin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, wanda aka haɗa shi da Siririya kwana biyu kacal da rasuwar, abin da wasunmu ke ganin an yi gaggawa. Ta bar ƙaninta allon rubutu, wanda harufa uku suka goge masa, da linzami, wato maus, mai tafiya in ya ga dama. Ta bar 'ya'ya ɗari da sittin da takwas, dukansu jajaye, waɗanda ke warwatse a bangon shagunan tela da na masu aski da bayan ƙofofin ɗakuna. Ta bar mai ɗab'i, wanda ya ce ko ba komai a ci gaba da tambayar lafiyar injinsa, ya saba. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a nan ofis. Mutum biyu za su ɗauke ta, na uku ya riƙe ƙofa, a kwantar da ita a saman kabad ɗin tsofaffin mujallu, fuskarta na kallon teburina. Mai ɗab'i zai kashe injinsa na minti ɗaya, mai jarida kuma ya yi alkawarin zuwa in ya samu mai tsare masa katako. Ana sanar da masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda biyu daga cikinsu har sun zo ta'aziyya da ma'auni, cewa iyalan ba sa buƙatar taimakonsu. Ana kuma roƙon abokan sana'a da su gyara bakinsu: launin nan daga yau sunansa jan Gwaggo.

Masu zuwa ta'aziyya za su ga wani wuri a gefenta na dama inda fenti ya goge ya yi santsi, faɗinsa daidai tafin hannuna. Duk mai son yin bankwana da ita ya ɗora hannunsa a nan, a hankali. Ni ne zan fara.